Takardar Ƙosai

Ni ke buga albashi a hawa na tara,
ranar ashirin da biyar ga wata.
Ta tagata ana hango Nima,
rufin kwano kan rufin kwano, duk tsatsa,
kamar an shanya barkono an manta.

Layi ɗari uku da goma sha ɗaya,
na san kowa da lambarsa.
Issaka mai gadi ne a ƙasan takarda:
sidi dubu da ɗari ɗaya,
a cire haraji,
a cire kuɗin takalmin da kamfani ya ba shi.
Fuseina mai shara ta ɗara shi da taki guda,
ita da ke fita tun kafin assalatu
ta tsaya a Sakul tana jiran turoturo,
ko ana ruwa ko ana me.

Layi na ɗaya kuwa,
bara ya ƙi shiga gurbinsa.
Na buga, na'ura ta tofo shi.
Sai da aka kira yaron kwamfuta
ya faɗaɗa akwatin,
yadda ake fasa ƙofar zaure
in kayan sun fi ƙarfin gidan.

An ce kasuwa ce ta yanka masa farashi.
Wace kasuwa?
Na tsufa da zuwa Makola,
ban ga rumfar da ake ɗora mutum a sikeli ba.
An ce in ba a ba shi ba, zai tafi.
Issaka ma shekara takwas yana cewa zai tafi,
ba wanda ya ɗago kai.

Watan da aka ce mu ɗaure ciki,
aka ɗauke madara daga ɗakin shayi,
aka sallami mutum goma sha bakwai da wasiƙar godiya,
watan ne aka yi masa tukwici
don ya iya tsimi.

Wallahi ba ni na fitar da ita ba.
Tawada ce ta yi dishi-dishi, na jefa a kwando.
Daga kwando sai buhu,
daga buhu sai Mamobi,
wajen Hajiya Adiza mai koko da ƙosai
da ke sayen tsohuwar takarda a kilo.
Da safe wani ɗan firamare ya sayi na sidi biyu,
mai ya ratsa takarda, lambobi suka fito ras,
ya karanta da ƙarfi
don a san ya iya lissafi.

Layin koko ya yi tsit.
Wani tela ya ce a maimaita. Aka maimaita.
"Na shekara ne?"
"Na wata."
Hajiya ta bar kasko guda ya ƙone.

Kafin azahar ta shiga kowace waya.
Ranar Litinin titi ya cika,
jan ƙyalle a kowane dantse,
har da waɗanda ba su taɓa taka benenmu ba:
'yan kaya, malaman makaranta, wata nas da kayan aikinta.
Issaka aka sa ya rufe musu ƙofa.
Ya rufe.
Nasa jan ƙyallen yana cikin aljihu,
na ga bakinsa ya leƙo.

Da dare Inna ta ce in faɗa mata da olonka,
ita ba ta san miliyan ba.
Na fara auna shinkafa da baki:
na cika ɗakinmu, na cika na maƙwabta,
na cika tsakar gida, na fita lungu,
ina shirin tsallake kwata
ta ce, "Tsaya. Cikinsa nawa?"
Na ce ɗaya.
Ta ce, "Ke fa, layi na nawa?"
Ɗari da tamanin.
Ta daɗe tana jan carbi.
Ta ce, "Kashe fitilar nan, mita na ci."

Gobe ashirin da biyar.
An sayo mana injin yayyaga takarda.